Tambayoyin Masu Karatu: Kangon Kusi, Fadar Dutsen da Nakiya Ta Kayar a Faransa

A fitowar da ta gabata mun buga hotuna biyu na wuri guda. A na farko, wata hasumiyar dutse ce kewayayya ta tokare sama. A na biyu kuwa tulin duwatsu ne ciyawa ta lulluɓe. Wurin shi ne Coucy, wanda Faransawa ke furtawa Kusi, ƙauye ne a arewacin Faransa. Wasiƙu sun zo mana daga unguwanni da dama na Legas, mafi yawansu daga magina. Ga amsar wasu daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Wannan gini fadar sarki ce, ko kuwa ganuwar gari ce irin ta Kano? Wa ya gina shi, kuma yaushe?
Daga wani dattijo mai sayar da goro, Agege

Wa alaikumus salam, Baba. Duka biyun ne a haɗe. Kusi na kan wani tudu mai dogon hanci da ke kallon kwarin kogin Ailette, a lardin Aisne, arewa da garin Soissons. An raba tudun gida uku. Akwai garin kansa da ganuwarsa da ƙofofinsa. Daga nan sai wani babban fili mai katanga inda dawaki da barori suke. A can ƙarshen hancin tudun kuma sai gidan uban ƙasar, wanda Faransawa ke kira shato. Duk mai son kai wa maigidan hari sai ya ci gari tukuna, ya ci filin, sannan ya tarar da gwalalo mai zurfi a gabansa.

Bambancinsa da ganuwar Kano shi ne, ganuwa ta jama'a ce, tana kare gari da gonakin da ke ciki. Shato kuwa gidan mutum ɗaya ne da iyalinsa da mayaƙansa, kuma sau da yawa talakawan da ke ƙarƙashinsa na cikin waɗanda yake tsoro. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa. Ke nan ta girmi wannan gini da kusan shekara 100.

Wanda ya gina abin da ke cikin hoton shi ne Enguerrand na Uku, ana furta sunan Angeran, daga wajajen 1225. Ba sarki ba ne, amma yana cikin manyan masu ƙasa. A 1226 sarkin Faransa ya mutu ya bar yaro ɗan shekara 12, Louis na Tara, uwarsa ce ke riƙe masa mulki, kuma Angeran na cikin manyan da suka yi mata tsaye. Hasumiyar da ya gina ta fi ta sarki da ke Faris tsawo da kauri, kuma da gangan ya yi. Tsawonta mita 54, wato kamar bene mai hawa 18. Faɗinta mita 31, kaurin bangonta kuwa ya kai mita 7 da rabi. Gidan yana da kirarin da har yau ake tunawa, ma'anarsa ita ce: ni ba sarki ba ne, ba yarima ba ne, ba na riƙe da ko ɗaya cikin manyan sarautu, ni dai uban ƙasar Kusi ne. Angeran ya mutu a 1242. Ya faɗo daga kan doki wurin ƙetare wani rafi, takobinsa ya soke shi.

Tambaya: Shekara 20 ina aikin gini, ban taɓa ganin an haura hawa biyu babu rodi da siminti ba. Da me suka kama waɗannan duwatsu har gini ya kai mita 54?
Daga wani birkila, Mile 12

Malam, sannu da aiki. Abu biyu ne suka riƙe ginin: nauyi da ƙonanniyar farar ƙasa. Rodi yana aiki ne inda ake jan abu ko ake lanƙwasa shi, kamar dakalin bene mai faɗi da ke rataye tsakanin ginshiƙai. Dutse ba ya jure ja, amma yana jure danniya ƙwarai. Don haka suka tsara komai yadda kowane dutse danne yake da na samansa. Rufin ɗakunan ciki ma baka ne, irin bakan gizon da maginanmu na Kano da Zariya ke yi da azara, sai dai nasu na dutse ne. Ɗaki uku ne a jere, wani kan wani, kowanne da baka 12 da suka haɗu a tsakiya.

Ga yadda ake yin abin da ya tsaya musu a matsayin siminti. Ana fasa farin dutse, irin wanda ake haƙa a Ewekoro ko Kalambaina ko Ashaka don yin siminti, a jera shi a matoya, a hura masa wuta kamar kwana uku ba dare ba rana, har zafi ya kai wajen digiri 900. Dutsen yakan yi sauƙi: kilo 100 na mai kyau yana komawa kilo 56. Sai a zuba shi cikin rami da ruwa. Nan take yake tafasa yana tartsatsi, kuma yana ƙona fata, yana makantar da ido. Idan ya huce yakan zama kamar kindirmo mai kauri. A kan bar shi a ramin, ruwa na kwance a kansa, makonni ko watanni, don yana ƙara kyau da daɗewa. Wajen kwaɓi, kwano ɗaya na farar ƙasa ne da kwano biyu zuwa uku na yashi mai kaifi.

Kuskure yakan fara tun daga matoya. Dutsen da wuta ba ta ratsa cikinsa ba, ba ya narkewa, ya zama tsakuwa kawai. Wanda kuma ya ƙone fiye da kima yana jinkirin shan ruwa, sai an riga an yi gini da shi sannan ya kumbura ya fasa yaɓe. Kwaɓin da ruwa ya yi masa yawa yana tsagewa idan ya bushe.

Wannan kwaɓi ba kamar siminti yake ba, wanda ruwa ke sa shi kamawa cikin awoyi. Iska ce ke taurara shi a hankali, daga waje zuwa ciki, yana komawa dutse kamar yadda ya fito. A bango mai kauri, tsakiyar na iya yin shekaru ba ta gama taurara ba. Wannan jinkiri alheri ne ga ginin, don idan ƙasa ta ɗan zauna, bangon yana bin ta a hankali maimakon ya tsage.

Bangon kansa kashi uku ne. Fuskar waje da ta ciki sassaƙaƙƙun duwatsu ne da aka jera layi layi. Tsakaninsu sai a cika da gutsattsarin dutse da kwaɓi, a daddanna. Ana tashi da su tare, layi ɗaya ko biyu sannan a cika, kuma a kan sa dogayen duwatsu a kwance su shiga cikin cikon don su ɗaure fuska da ciki. Inda aka yi ha'inci aka bar waɗannan, bango yakan yi ciki bayan shekaru, fuskar ta zube ta bar cikon tsirara. Masu sassaƙa da yawa da ƙidayar dutse ake biyan su, shi ya sa kowa ke karta alamarsa a kan dutsen da ya gama. Irin waɗannan alamu suna da yawa a duwatsun Kusi.

Idan muka yi lissafi da awon da muka faɗa a sama, bangon hasumiyar kaɗai ya kusa mita kubik 30,000 kafin a cire ƙofofi da tagogi da matakala. Ta yaya aka hau da wannan kaya? Tsoffin hotuna sun nuna ramuka a jikin hasumiyar suna hawa a karkace, suna zagaya ta kamar yadda ake naɗa rawani. A cikinsu ake cusa katakai, a shimfiɗa hanya mai gangara a kai, leburori su ja dutse su hau da shi. Gini na tashi, hanya na bin sa.

Lokacin sanyi aiki yake tsayawa, kamar daga Nuwamba har hunturu ya wuce, don ƙanƙara na lalata ɗanyen kwaɓi. Sai a rufe saman bango da tattaka da kashin dabbobi. Mai son ganin wannan aiki da idonsa, akwai Guédelon a yankin Burgundi, inda tun 1997 ake gina sabon shato da kayan aiki da dabarun wancan zamani. Har da wata ƙatuwar gargarar katako da mutum ke shiga ciki yana tafiya, igiya na naɗewa tana ɗaga dutse sama.

Tambaya: Ɗalibaina sun tambaye ni dalilin da ya sa hasumiyar take kewayayya kamar rumbu, ba mai kusurwa huɗu ba.
Daga wata malamar makaranta, Idi-Araba

Malama, kusurwa ita ce lagon gini. Kafin zuwan igwa, hanya mafi tabbas ta kayar da katanga ita ce haƙa. Maharan sukan haƙa rami su bi ta ƙarƙashin tushe, suna cire dutse suna tokarewa da itace. Idan ramin ya isa, sai su cika shi da ƙirare da kitse su cinna wuta su fita. Itacen na cinyewa, abin da ke samansa ya rufta. A kusurwa aka fi yin haka, don bango biyu ne ke jingine da wuri guda. A 1215 Sarki John na Ingila ya kayar da kusurwar hasumiyar Rochester ta wannan hanya, da kitsen aladu 40. Da aka zo sake gina wannan kusurwa, kewayayya aka yi ta.

Dalili na biyu, dutsen da aka harbo yakan goce a jikin kewayayyen bango. Na uku, mai kibiya da ke sama yana ganin gindin ginin ta ko'ina, babu lungun da mahaƙi zai laɓe. A saman hasumiyar Kusi an bar duwatsu sun ɓullo waje a jere, don a ɗora baranda ta katako lokacin yaƙi, a riƙa sako duwatsu kan wanda ya matso. Ki gaya wa yaran cewa tafasasshen man da ake yawan nunawa ana zubowa ba shi ne aka saba ba. Mai yana da tsada. Dutse da tafasasshen ruwa da yashi mai zafi su ne a hannu.

Tambaya: Idan ginin yana da ƙarfi haka, me ya kayar da shi? Tsufa ne?
Daga wani direban tirela, Apapa

Ba tsufa ba ne, ɗan'uwa. Hasumiyar ta yi kusan shekara 690 a tsaye, kuma duk babbar ɓarnar da ta same ta, ban da guda ɗaya, hannun mutum ne.

Zuriyar gidan ta ƙare ne a kan Angeran na Bakwai, surukin Sarki Edward na Uku na Ingila. Shi ya ƙawata gidan da manyan zauruka da tagogi masu faɗi. Ya bi rundunar Turawa zuwa yaƙi da Daular Usmaniyya, Sarkin Musulmi na Turkawa Bayazid na Ɗaya ya ci su a Nicopolis a 1396, aka kama shi, ya mutu a tsare a Bursa a 1397. Bai bar ɗa namiji da zai gaje shi ba. A 1400 'yarsa Marie ta sayar da Kusi ga Louis na Orléans, ƙanen sarkin Faransa. Da jikan wannan Louis ɗin ya hau gadon sarauta a 1498, gidan ya koma hannun sarki.

Bugun farko ya zo a 1652, lokacin tawayen manyan ƙasa da ake kira Fronde. Mai riƙe da gidan ya ƙi miƙa shi ga Kadinal Mazarin, wanda ke tafiyar da mulki a madadin yaron sarki Louis na 14. Da aka karɓe gidan, Mazarin ya sa a lalata shi yadda ba mai sake fakewa ciki. Aka sa albarushi aka fasa ƙofofi da katangar da ke kewaye da gindin hasumiyar, aka kuma tashi albarushi a cikinta. Rufin ɗakunan ya rufta, amma bangon bai faɗi ba. Ta zama kamar bututun igwa, ƙarfin ya fice ta sama. A 1692 girgizar ƙasa ta tsaga ta, duk da haka ta ci gaba da tsayuwa.

Ɓarna mafi tsawo ita ce wadda ba ta da ƙara. Da rufi ya tafi, ruwan sama ya samu hanya ta saman bango. Ruwa idan ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, don haka duk hunturu yana buɗa tsaguwa kaɗan kaɗan. Sannan ga mutane. Bayan juyin juya halin 1789 wurin ya zama mahaƙar dutse, kowa ya zo ya ɗebi sassaƙaƙƙen dutse ya gina gidansa. Wanda ya ga yadda ake ɗibar ƙasar ganuwar Kano ana buga tubali ya san wannan ciwo. A 1829 Louis-Philippe, wanda ya zama sarki shekara ɗaya bayan haka, ya sayi kangon ya tsayar da ɗibar. Daga wajajen 1856 mai zanen gini Viollet-le-Duc ya yi aikin ƙarfafa shi, a 1862 kuma aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Zane-zanen da ya yi da hotunan wancan lokaci su ne suka adana mana kamannin hasumiyar.

Sai Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sojojin Jamus sun mamaye Kusi tun 1914. A watan Maris na 1917, da za su ja da baya zuwa sabon layin tsaronsu da ake kira layin Hindenburg, suka lalata duk abin da abokan gaba za su iya amfana da shi. Suka zuba tan 28 na nakiya cikin babbar hasumiyar, da fiye da tan 10 a sauran hasumiyoyi huɗu na kusurwa. Kai da ka san lodi, tan 28 daidai yake da buhun siminti 560, saura kaɗan ya cika tirela. A cikin wannan wata aka tashe ta. Yarima Rupprecht na Bavariya, babban kwamanda a ɓangaren Jamus, ya nemi a ƙyale ginin, amma Janar Ludendorff bai saurare shi ba. Hujjar Jamusawa ita ce za a iya hawa kan hasumiyar a hango motsin sojojinsu. A ganinmu wannan hujja ba ta kai a rushe irin wannan gini ba, ga shi tudun kansa yana nan, kuma a 1917 jiragen sama ma suna aikin leƙen.

Tambaya: Ɗana yana karatu a Faris. Idan ya je can me zai gani? Kuma me ya hana su sake gina ta?
Daga wata hajiya mai sayar da atamfa, Obalende

Hajiya, tafiyar ba ta da wuya. Zai hau jirgin ƙasa daga tashar Gare du Nord zuwa Soissons, daga nan ya ɗauki mota, ƙasa da kilomita 20 ne. Cikakken sunan ƙauyen Coucy-le-Château-Auffrique. Hukumar kula da gine-ginen tarihi ta Faransa ce ke riƙe da kangon, kuma ana biyan kuɗin shiga, don haka ya duba ranakun buɗewa kafin ya tashi. Zai ga ganuwar gari da ragowar Ƙofar Laon, da katangar babban filin, da bangon babban zauren Angeran na Bakwai babu rufi, da ɗakunan ajiya na ƙarƙashin ƙasa. Inda hasumiyar take kuwa tulin dutse ne. Faransawa da gangan suka bar shi haka bayan yaƙi, don ya zama shaida kan abin da aka yi. An share sauran wuraren, an ƙarfafa bangayen da suka rage, amma ba a taɓa tulin ba.

Tambaya: Ina kula da wani tsohon gida na jan bulo a cikin Eko. An yaɓe shi da siminti shekarun baya, yanzu yaɓen na ɓallewa da fuskar bulon, bango kuma kullum a jiƙe. Ko akwai darasi daga waɗannan tsoffin gine-gine?
Daga wani alhaji, Isale Eko

Akwai, Alhaji, kuma muna roƙonka kada ka yi saurin yarda a rushe. Legas ta yi asarar irin waɗannan gidaje da yawa. Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu yana cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, amma aka rushe shi a Satumbar 2016.

Simintin ne ya jawo maka matsalar. Tsohon bango da aka gina da farar ƙasa yana shan ruwa yana kuma fitar da shi ta cikin kwaɓin. Siminti ya fi tsohon bulo tauri, kuma ba ya barin danshi ya fita. Sai ruwan ya taru a bayansa da gishirin da ya ɗauko daga ƙasa, gishirin ya daskare cikin bulon ya farfasa fuskarsa. Abin da ke faruwa ke nan idan an yaɓe ginin ƙasa da siminti a Arewa: waje sumul, ciki ya ruɓe, rana ɗaya ya zube faifai guda. Masu gyaran kangaye a Turai sun yi wannan kuskure a ƙarnin da ya wuce, yanzu suna bi suna cirewa.

Ka fara da ruwa kafin ka taɓa bango. A gyara rufi da indararo, a duba ko cikon titi ya sa ƙasar waje ta fi daɓen ciki tudu, a buɗe wa kwata hanya. Idan cediya ko wani tsiro ya kama bango, a yanke shi a gindi a bari saiwar ta mutu. Tumɓuke ta da ƙarfi yana fitowa da bulo. Idan akwai tsaguwa, ka ja layi da fensir a ƙarshenta ka rubuta kwanan wata, ka auna faɗinta duk wata. In tana ƙaruwa, ko bango ya yi ciki, a tsaya a kira injiniyan gini kafin komai.

Bayan haka a ɓamɓare simintin da hannu, da ƙaramar guduma da kurfi, ba da inji ba. A bar bangon ya sha iska, zai fi kyau a yi aikin da rani. A ƙwaƙule tsakanin bulo zurfin ya ninka faɗin layin sau biyu, a share ƙura, a yayyafa ruwa, sannan a cusa kwaɓin farar ƙasa ɗaya da yashi uku, a danna sosai. Yashin bakin teku ko na lagun yana da gishiri, kada a yi amfani da shi sai an wanke shi da ruwan daɗi.

Ka yi hattara wurin saye. Wani abin da ake sayarwa da sunan farar ƙasa niƙaƙƙen alli ne kawai da ba a ƙona ba, yana yin fari amma ba ya kamawa. Ka kwaɓa kaɗan da yashi ka yi curi kamar ƙosai, ka ajiye a inuwa mako biyu. Idan ka murza ya koma gari, ba ita ba ce. Mai aikin ya sa safar hannu da tabarau. Idan an gama, a rataya jiƙaƙƙun buhunan algarara a gaban bangon, a riƙa yayyafa musu ruwa safe da yamma har mako guda, don rana da iska kada su busar da kwaɓin kafin ya fara kamawa.